Yadda Ake Wanke Kayan Shiga Wuta na 'Yan Kwana-kwana, a Duba Su, a Adana Su

Rigar shiga wuta da wandonta, waɗanda ake damƙa wa ɗan kwana-kwana ranar da ya kama aiki, ba wuta ce ta fi kashe su ba. Abin da na fi gani yana cinye su shi ne dauɗar da aka bari ta yi makonni a jikinsu, da shanya a rana, da bilic. Sabon ɗauka yakan ga rigar wani babba ta yi baƙi ƙirin, sai ya ɗauka alamar jarumta ce, shi ma ya ƙi wanke tasa. Baƙin nan kuwa ragowar mai ne da ƙonanniyar roba da hayaƙin katifa, kuma shi kansa yana cin wuta ko da yadin da ke ƙarƙashinsa ba ya ci. Ga shi kuma yana ratsa fata. A shekarar 2022 hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Don haka wankin kaya yana cikin aikinka, daidai da duba tiyo da famfon mota.

Abin da ya kamata ka sani game da yadin

Buɗe rigar ka duba, za ka tarar hawa uku ce. Na farko bangon waje, wanda ke karo da harshen wuta da ƙusoshi da fasasshen gilashi. Da zaren aramid ake saƙa shi, galibi Nomex da Kevlar, waɗanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Masu tsadar ana gauraya su da zaren PBI, irin yadin nan mai ruwan ƙasa da ake kira PBI Gold, wanda kashi 40 cikin ɗari PBI ne, kashi 60 Kevlar. Waɗannan zaruruwa ba sa narkewa, ba sa ɗiga. Nomex sai zafi ya kai wajen digiri 370 a ma'aunin Salshiyas yake fara komawa gawayi, kuma da zarar an janye masa wuta sai ta mutu da kanta. Foliyesta kuwa tun wajen digiri 260 take narkewa ta manne wa fata.

Hawa na biyu shafin tare ruwa ne, wata siririyar fata mai ƙananan huji da ido ba ya gani, an manna ta a kan yadi. Ruwa da jini da ruwan batir ba sa shiga, amma tururin gumi yana samun hanyar fita. Na uku shafin tare zafi, mai laushi kamar bargo, an yi masa ɗinki gida-gida don ya riƙe iska, iskar nan ce kuma ke hana zafi isa jikinka. Shafin biyu yawanci a haɗe suke, ana zare su daga bango da zif ko maɓallai. Mafi yawan kariyar zafi daga gare su take fitowa, shi ya sa duk wanda ya cire shafi saboda zafin bazara ya shiga gini da bango kaɗai ya yi wasa da ransa.

Zaren aramid yana da maƙiya biyu, hasken rana da sinadarin kulorin. Dukansu suna raunana zaren a hankali, ba tare da ka ga huji ba, sai ranar da ka durƙusa wando ya dare. Akwai kuma kayan auduga da aka jiƙa da sinadarin hana kama wuta, irin Proban, waɗanda ake sawa a tasha ko wajen gobarar daji. Su ma bilic yana lalata musu sinadarin, su koma auduga zalla.

Kayan aiki

Safar hannu ta roba mai kauri, da takunkumin hanci, da tabarau idan akwai.
Baho babba biyu da bokiti, waɗanda aka ware wa wannan aiki kaɗai.
Burushi mai laushi, irin wanda ba ya yi wa bayan hannunka zafi idan ka goga.
Sabulun ruwa mara kaifi, wanda ba bilic a cikinsa, ba kuma sinadarin tausasa kaya.
Takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin sabulu, ana samunta a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje.
Manyan ledoji masu kauri na zuba shara.
Tocila mai ƙarfi, da kofi, da sifirit irin na goge fata kafin allura.
Maratayai masu faɗin kafaɗa, da fanka.
Littafin rajista da biro.
Injin wanki mai ƙofa a gaba, idan tasharku na da shi. Idan babu, akwai hanyar hannu a mataki na biyar.

Mataki na 1: Karanta ƙyallen bayanin da ke cikin rigar

Kafin ruwa ya taɓa kayan, nemo ƙyallen da kamfani ya ɗinka a ciki, yawanci a bayan shafi. Abu uku za ka nema: ƙa'idar da aka yi kayan a kanta, da ranar ƙira, da umarnin wanki. Kayan Amurka za ka ga NFPA 1971, na Turai EN 469. A na Turai akwai lamba 1 da lamba 2, kuma lamba 2 ce ta shiga cikin gini mai ci. Idan umarnin kamfani ya saɓa da wani abu da na faɗa a nan, bi na kamfanin. Rubuta lambar rigar da ranar ƙirarta a rajista tun yanzu, domin rubutun ƙyallen yana dushewa da wanki.

Idan babu ƙyallen bayani sam, ka yi shakka. Akwai kayan jabu a kasuwa masu kama da na gaske, har da layin ƙyalli, wanda ke walƙiya idan an haska shi. Ciro ɗan zaren yadin daga gefen ɗinkin ciki, inda ya yi saura, ka riƙe shi da hantsaki ka kanga masa ashana. Na aramid zai yi baƙi ya tsaya da ci da zarar ka janye wutar. Wanda ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallon roba mai tauri, foliyesta ne ko nailan, ka kai wa oganka rahoto. Wannan gwaji yana tona jabu, amma cin sa bai isa ya zama shaidar inganci ba.

Mataki na 2: Wankin farko a wurin gobarar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, saboda kowa ya gaji, ana so a naɗe tiyo a koma. Shi ne kuma ya fi rage dauɗa da ƙaramar wahala. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya nuna goge kaya da sabulu da ruwa da burushi tun a wurin gobara yana rage kimanin kashi 85 cikin ɗari na wani rukunin gubar hayaƙi da ke manne a bangon riga.

Ku koma gefen da iska ke tasowa, nesa da hayaƙi da bututun hayaƙin motarku. Kada ka cire abin shaƙar iska tukuna idan da saura a tukunyar. Abokin aikinka ya sa safar roba, ya jiƙa ka da ruwa mara ƙarfi daga kwalkwali zuwa takalmi, ya ɗiga sabulu kaɗan a bokiti, ya goge ka da burushi daga sama zuwa ƙasa, sannan ya ɗauraye. Ruwan ya kasance yayyafi ne. Idan aka buɗe tiyo da ƙarfinsa, dauɗar za ta kutsa cikin saƙar, ruwa ya shiga ta wuya ya jiƙa shafi. Minti biyu zuwa uku ya wadatar wa mutum ɗaya, sai ku yi musanya.

Wajen tuɓewa, abokinka ya zare maka safar hannu, don kada ka kama ta da hannu tsirara. Hular yadin da ke rufe kai da wuya a ɗaga ta sama ta baya, kada gefen waje ya shafi fuskarka. Nan take ka goge wuya da muƙamuƙi da bayan kunne da hannuwa da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, kafin ka sha ruwa ko ka sa wani abu a baki. Zuba kayan cikin leda, ka ɗaure, a ajiye a akwatin gefen mota, ba a inda mutane ke zama ba. Da kun isa tasha ka yi wanka kafin komai.

Idan ruwan tanki ya ƙare, wanda yakan faru a gobarar kasuwa da aka kwana ana fama, a karkaɗe ɓurɓushin da busasshen burushi, mai gogewar yana sanye da takunkumi. Bai kai na ruwa ba ko kusa, amma ya fi shiga mota da toka. Kada a hura da injin iska, ƙurar ce za ta tashi ku shaƙa.

Mataki na 3: Rarraba kayan

A tasha, a wuri mai iska, sa safa da takunkumi ka kwance ledar. Kada kaya su kwana a ɗaure suna jiƙe, fumfuna za ta kama su. Zazzage aljihu duka. Za ka sha mamakin abin da ke fitowa: guntun gilashi, ƙusa, filaya, har da goro. Zare shafi daga bango, na riga da na wando. Cire igiyar rataya wando. Idan rigar tana da igiyar jan wanda ya faɗi, wadda ake sakawa tsakanin bango da shafi ta fito a bayan wuya, lura da yadda aka zura ta kafin ka ciro ta, ko ka ɗauki hoto da waya.

Bango da bango ake wankewa, shafi da shafi, ba a haɗa su a ruwa ɗaya. Bango ne ke ɗauke da gubar, shafi kuwa shi ke taɓa jikinka. Ja kowane zif har sama, ka manne kowane Velcro, wato maɗaurin nan mai kama juna da ake ɓantarewa, ka saƙala ƙugiyoyi, domin Velcro da aka bari a buɗe yana tsefe yadi. Shafi kuma a juya shi, ɓangaren da ke tare ruwa ya koma ciki inda ba zai gogu ba.

Kayan da jini ya ɓata, ko ruwan masai, ko maganin ƙwari daga shagon kayan noma, ko ƙurar rufin asbestos, ba na wannan wanki ba ne. A ɗaure su daban, a rubuta abin da ya taɓa su a jikin ledar, a kai wa shugaban tasha ya yanke hukunci. Wasu sai dai a yar.

Mataki na 4: Gwada sabulu da ruwa

A nan ne al'adar wankin gida take cutar da mu. Ƙa'idar NFPA 1851 ta Amurka, wadda ta tsara kula da waɗannan kaya, a bugunta na 2020 ta ce sabulun ya kasance tsakanin pH 6 da 9.5, zafin ruwa kuma kada ya wuce digiri 40. Dama sabulun a ruwa gwargwadon yadda za ka yi amfani da shi, tsoma takardar gwaji, ka kwatanta launin da jadawalin da ke jikin kwalin. Garin sabulu da sabulun soda da sabulun salo duk suna da kaifi, na garin kuma sau da yawa akwai sinadarin haskaka kaya a ciki, don haka ni ba na kusantar su. Hypo da Jik da duk wani bilic mai kulorin haramun ne a kan waɗannan kaya, ko digo ɗaya. Haka sitaci da bula da ruwan tausasa kaya mai ƙamshi, domin suna barin wani abu a kan zaren da ke iya cin wuta. Idan ba takardar gwaji, ba kuma sabulun musamman, ɗauki sabulun ruwa na wanke kwanuka mara bilic, ka sa kaɗan.

Idan ba ma'aunin zafi, tsoma gwiwar hannu. Ka ji ɗumi kawai, kada ka ji zafi. A watannin bazara ruwan baƙin tankin roba da ke kan hasumiya yakan wuce wannan iyaka da azahar, saboda haka a yi wankin da safe. Ruwan zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yana barin farin dafi a saƙa. Idan shi ne a rijiyarku, a nemi na famfo ko ruwan sama da aka tara.

Mataki na 5: Wankin kansa

Fara da tabo. Inda baƙin mai ko kwalta ya kama, ɗiga sabulun kai tsaye, ka bar shi ya jiƙa kamar minti goma, ka goga a hankali da burushi. Kada ka sa fetur ko kananzir ko tina, ko da makanike ya rantse maka cewa shi ne maganin baƙin mai. Za su fitar da tabon su bar maka riga mai ɗauke da man da zai kama wuta, su kuma lalata layin ƙyalli. Rigar da ta sha gas ko fetur wajen hatsarin tanka a jiƙa ta cikin ruwan sabulu, a zubar, a sake, sannan a wanke. Muddin tana wari bayan ta bushe, ba ta koma bakin aiki ba.

Da inji: a yi amfani da mai ƙofa a gaba. Mai sanda a tsakiya yana murɗa kaya ya ɓalle ɗinki. Kada a cika shi, kaya su samu wurin juyawa. A saita zafi ƙasa da digiri 40, a ƙara zagayen ɗauraya, a rage gudun matsewa zuwa mafi ƙanƙanta, domin matsa mai ƙarfi tana tura ruwa ta cikin shafin tare ruwa ta fasa shi. Shafi a fara wankewa, bango daga baya. Idan an gama, a kunna injin ba kaya a ciki, da ruwa da sabulu, ya wanke kansa. Injin gida, wanda ake wanke kayan yara da shi, ba ya cikin wannan magana.

Da hannu: bai kai inji fitar da dauɗa ba, amma shi ne abin da tashoshi da yawa suke da shi, kuma idan aka yi shi da haƙuri yana aiki. Cika baho da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, nutsar da bangon, ka bar shi kwata ɗaya na awa. Danna shi ka saki, danna ka saki, da tafin hannu cikin safa. Shimfiɗa shi a kan tsabtataccen tebur ko leda, ka bi shi da burushi: wuya, bakin hannu, gaban riga, aljihu, gwiwa, ƙafar wando. Ruwan farko zai yi baƙi, zubar ka sake sabo. Shafi kuwa ba ya son burushi, musamman ɓangaren tare ruwa. Dannawa da sakin kawai. Ba a cuɗa shi, ba a murɗe shi, ba a buga shi a kan dutse.

Ɗauraya ita ce rabin aikin. Yi ta canja ruwa har ka danna kayan ka ga ba kumfa ko kaɗan. Sabulun da ya bushe a saƙa yana sa bango ya riƙa shan ruwa, rigar da ta sha ruwa kuwa ta yi nauyi, kuma cikin zafi ruwan yana komawa tururi ya dafa fata. Ruwan wankin a zuba shi a magudanar da ta dace, nesa da rijiya da lambu da inda dabbobi ke sha.

Kada ka kai kayan gida, kada ka ba mai wanki da guga. Shi aikinsa ya iya: zai sa bilic don layin ya haskaka, ya shanya a rana, ya bi da dutsen guga, kuma duka ukun kisa ne ga kayan.

Mataki na 6: Shanya

A inuwa, inda iska ke ratsawa. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ta yi, muddin rana ba ta leƙowa da hantsi ko da la'asar. Rataya riga a maratayi mai faɗi, buɗe zif da aljihu, wando a rataye shi ta ƙugu ƙafafu a ware, shafi daban. Kunna fanka ta riƙa kaɗawa. Da hunturu bango yakan bushe cikin yini, sai dai ƙura, don haka a zaɓi gefen da ba ya fuskantar iskar. Da damina shafi yakan kwana biyu. Taɓa hammata da ƙugu da cikin aljihu, nan ne danshi ke ɓuya. Na san jarabar a baza su a kan katanga ko a bisa motar, cikin awa biyu sun bushe ƙarau. Kowace irin wannan shanya tana rage ƙarfin zaren, kuma abin da rana ta ci ba ya dawowa. Kada kuma a kanga su a gawayi ko a ɗora a kan janareta mai zafi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, idan aka buga ƙararrawa kayana na jiƙe fa? Inda kowa ke da saiti biyu babu matsala. Inda babu, a tsara wankin bi da bi, wanda zai tafi hutu shi ke wankewa a ƙarshen aikinsa, sito kuma ya ajiye 'yan saiti na aro masu girma daban-daban. Shiga wuta da jiƙaƙƙen shafi haɗari ne na gaske.

Mataki na 7: Dubawa

Kaya masu tsabta ne ake iya dubawa, dauɗa tana rufe aibi. Yi shi kafin ka mayar da shafi cikin bango.

Shimfiɗa bango a haske. Bi kowane ɗinki da yatsa, kana ja kaɗan ta gefe biyu. Nemi huji, yagewa, wurin da ya sule, musamman gwiwa da bakin hannu da kafaɗa inda igiyar tukunyar iska ke goga. Inda launi ya canja, tsaya a nan. Zafi yakan kori rini kafin ya cinye zare, don haka canjin launi kaɗai ba hukunci ba ne. Kama wurin tsakanin yatsu ka murza, ka ja. Idan ya yi ƙanƙas, ko ya yi ƙara, ko zare ya tsinke a hannunka, wurin ya mutu. Duk inda bango ya ƙone, duba daidai wurin a shafi, sau da yawa ɓarnar ta ratsa.

Gwajin yoyo: haɗa sifirit kashi ɗaya da ruwa kashi shida. Ɗora shafin a bakin bokiti, ɓangaren tare ruwa yana sama, ka danna shi ya yi ɗan kwari. Zuba kofi ɗaya, ka jira minti uku, sannan ka duba ƙasa. Ko ɗigo ɗaya ya ratsa, shafin ya fashe. Gwada kafaɗu, da bayan riga, da gwiwa, da mazaunin wando, da wuri ɗaya ko biyu a kan ɗinki. Idan ba sifirit, ruwa zalla zai nuna babban yoyo, amma ƙanana za su iya ɓoye masa. Bayan gwaji a ɗauraye wurin a bar shi ya bushe. Duba kuma siririn tef ɗin da aka manna a kan ɗinki, ko ya fara ɗagowa.

Gwajin haske: a ɗaki mai duhu, sa tocila a bayan shafin tare zafi, kana matsar da ita a hankali. Hasken ya kamata ya fito iri ɗaya ko'ina. Inda ya fi haske, abin ciki ya sule ko ya tattare gefe guda, nan ne kuma za ka ƙone. Kada fitila mai zafi ta taɓa yadin.

Layin ƙyalli: wani ya riƙe rigar cikin duhu, ka ja baya kamar mita 12, ka riƙe tocila daidai idonka ka haska. Kwatanta da sabuwar riga. Layin da ya dushe ba zai nuna ka ga direba a kan titi da dare ba, ba kuma zai nuna ka ga abokinka cikin hayaƙi ba. Sai zif, da maɓallai, da Velcro, da robar bakin hannu wadda idan ta saki garwashi ke faɗawa ta nan.

Mataki na 8: Gyara ko ritaya

Ɗan huji ko ɗinkin da ya warware a bango ana iya gyarawa, da sharaɗi biyu: faci na irin yadin, zare kuma na aramid. Zaren da ke kan keken tela na foliyesta ne, zai narke tun yadin bai ji komai ba, facin ya faɗi a tsakiyar wuta. A cire shafi kafin allura ta shiga, don kada a huda shi. Shafin tare ruwa ba aikin tela ba ne, sai a canja shi ko a mayar wa masu shi. Ba a sa gam, ba a manna suna ko tambari na roba da dutsen guga. Idan ba a samu zaren da ya dace ba, a janye rigar daga shiga wuta har a samu.

Ƙa'idar NFPA 1851 ta ce kaya su yi ritaya idan sun cika shekara 10 daga ranar ƙira, ko da ba su taɓa ganin wuta ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kayan tallafi da ke zuwa daga waje wasunsu sun riga sun ci rabin shekarunsu ko fiye. Ba na raina kyauta, amma ranar ƙira nake fara dubawa kafin in yi godiya. Kayan da aka yanke wa hukunci a rubuta musu alama da fenti babba a baya, a bar su don atisayen da ba wuta a ciki, in ba haka ba wata rana za ka gan su a jikin sabon ɗauka.

Mataki na 9: Ƙananan kaya

Hular yadi a wanke ta bayan kowace gobara, domin fatar wuya ce take kwanciya a kai. Ana iya haɗa ta da shafi. Idan bakinta ya saki har ba ya kama gefen abin rufe fuska, ta gama aiki. Safar hannu ka sa ta a hannu bisa safar roba, ka wanke kamar kana wanke hannu, ka matse a hankali ba murɗawa, ka rataye yatsu sama. Kwalkwali ruwa da sabulu kawai, a cire ƙyallen gumi na ciki a wanke shi daban, a duba tsagewa. Takalmi a goge ƙasansa, a nemi ƙusa, a cusa masa tsohuwar jarida ya bushe a inuwa.

Mataki na 10: Haɗawa da ajiya

Mayar da shafi cikin bangonsa, ka tabbata lambobinsu ɗaya ne, domin a ranar wanki ana yawan musanya. Ɓangaren tare ruwa yana fuskantar bango, mai laushin yana fuskantar jiki. Rufe kowane maɓalli, mayar da igiyar ja yadda ka same ta, ka ja ta ka ga tana zamewa. Sa kayan a jikinka, ka ɗaga hannu sama, ka sunkuya, ka durƙusa. Riga ta ci gaba da rufe saman wando a kowane hali.

Ajiye su a rataye, a wuri busasshe mai iska, nesa da taga, nesa da hayaƙin motar kashe gobara, ba kuma a ƙarƙashin doguwar fitilar da ke kwana a kunne ba, domin ita ma haskenta yana cin aramid a hankali. Ba a ajiye su a ɗakin kwana ko inda ake cin abinci, ba a bar su a but ɗin mota suna gasuwa.

Abin da ka sa a ƙarƙashi ma yana cikin lissafi. Matasa suna son rigar ƙwallo saboda ba ta riƙe gumi, ita kuwa foliyesta ce zalla. Singileti da gajeren wando da safa su kasance na auduga.

A rajista rubuta ranar wanki, da abin da ka gani, da abin da aka gyara, da sunan wanda ya duba. Dubawar ido bayan kowane fita ce. Cikakken wanki duk lokacin da kaya suka sha hayaƙi, kuma ko ba su sha ba kada ya gaza sau biyu a shekara. Cikakkiyar dubawa da gwajin yoyo da na haske aƙalla sau ɗaya a shekara. A wajenmu lokacin da ya fi dacewa da ita shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, don abin da za a gyara ko a nema daga sito ya iso kafin hunturu ya kama, lokacin da kiran gobara ke yawaita.